Yadda mai fama da jiri zai sha ruwa a lokacin doguwar motsa jiki

Jiri iri biyu ne ke kama mai gudun fanfalaki ko tuƙa keke na sa'o'i, kuma sai ka iya rabe su kafin ka san abin yi. Na farko shi ne wanda ido ke yin duhu, kai ya yi fayau kamar za ka suma. Wannan sau da yawa ƙarancin ruwa ne: gumi ya rage yawan jini, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Na biyu hajijiya ce, duniya ta riƙa juyawa da kai, kuma tushenta can cikin kunne yake ko a ƙwaƙwalwa. Ruwa ba ya warkar da ita, amma ƙishirwa na iya tayar da ita, musamman ga masu ciwon kai na ɓari ɗaya da masu cutar Meniere, wadda ruwan cikin kunne ke taruwa fiye da kima.

Fara da auna guminka, domin na kowa daban ne. Yi fitsari, ka hau sikeli ba tufafi, ka motsa jiki na awa ɗaya, ka goge jiki ka sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Idan ka fara da kilo 70, ka gama da 69.2, kuma ka sha mililita 500 a tsakani, guminka ya kai lita 1.3 a awa. Maimaita awon in yanayi ya canza.

Awa 4 kafin ka fita, sha mililita 5 zuwa 7 a kan kowane kilo na nauyinka, wato 350 zuwa 490 ga mai kilo 70. In bayan awa 2 fitsari bai zo ba ko ya yi duhu, ƙara mililita 3 zuwa 5 a kan kowane kilo.

A kan hanya, yawancin mutane na buƙatar mililita 400 zuwa 800 a awa. Raba shi, kurɓi kaɗan duk minti 15 ko 20, kada ka bari sai maƙogwaro ya bushe sannan ka kwankwaɗi rabin gora. Abin da ake nema shi ne kada ka rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinka.

Yadda kake shan ma abin lura ne, kuma mutane da yawa ba sa kawo shi a rai. Wanda hajijiyarsa ke tashi in ya juya kai, saboda ƙananan ƙwayoyin alli da suka goce cikin kunne, ɗaga haɓa sama don ya sha daga gora kaɗai ya isa ya tayar masa da ita. Yi amfani da gora mai siririn bututu ko jakar ruwa ta goyo, ka sha kanka a miƙe, idonka a kan abu ɗaya da ke gabanka. A kan keke, gara ka tsaya ka sa ƙafa a ƙasa da ka sunkuya ɗauko gora kana tafiya.

Batun gishiri shi ne mai wuya. Gumi na fita da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kusan giram ɗaya a kowace lita, ko da yake wasu nasu bai kai rabin haka ba, wasu kuma ya ninka. Mai cutar Meniere kuwa sau da yawa likita kan taƙaita masa sodiyam zuwa miligiram 1,500 ko 2,000 a rana, wani lokaci har da maganin sa fitsari. Don haka kada ka haɗiyi ƙwayoyin gishiri don ka ga abokan gudu na yi. Kai wa likitanka sakamakon awon guminka, ku tsayar da abin da za ka mayar in motsa jikin ya wuce awa ɗaya, ka kuma sha shi a rarrabe. Kunnen ciki ba ya son sauyi na farat ɗaya. Kar ka daina maganin da aka rubuta maka da kanka, kuma ka tambaya ko maganin jirin da kake sha na kawo barci ko rage gumi.

Yawan ruwa ma haɗari ne. In ka sha fiye da abin da ka zubar, sodiyam na jini na iya sauka ƙasa da yadda ya kamata, alamunsa kuma su ne ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu da jiri. Nan ne ake ruɗewa, mutum ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara sha. In nauyinka ya ƙaru bayan gudu, ka wuce gona da iri.

Da ka gama, kada ka tsaya cak. Taka a hankali na minti 5 zuwa 10 don jini kada ya taru a ƙafafu, sannan ka mayar da lita 1.25 zuwa 1.5 a kan kowane kilo da ka rasa cikin sa'o'i masu zuwa. Bar giya a ranar.

In hajijiya ta kama ka a hanya, zauna nan take a inuwa, ka kafa ido wuri ɗaya, ka haƙura da sauran tafiyar. Amma in ta zo da karkacewar baki, sarƙewar harshe, ganin abu biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon ƙirji ko ruɗewa, a garzaya da kai asibiti ba jira.