Tarakta ta ƙi tashi da safe: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar hunturu ya kankama a Kano, daga Disamba zuwa Janairu, wayata ba ta hutawa. Masu ƙananan taraktoci irin su Kubota da Yanmar da Mahindra, waɗanda ke kai su aikin rani Kura da Kadawa da Bunkure, maganarsu ɗaya ce: "Oga, jiya lafiya lau muka kashe ta, yau ta ƙi tashi." Kafin in isa an riga an yi aika-aika. Batir ya mutu, kik, wato abin da ke juya inji a tayar da shi, ya yi zafi har yana warin ƙuna, wani ma an kwance injekta, wato famfon da ke tura mai cikin inji, an ɗaure a bayan babur an nufi Ƙofar Ruwa da ita. Sau da yawa ciwon ƙarami ne, gyaran gangar Auzinawa da aka yi masa ne ke kwantar da taraktar wata guda.

Injin gas, irin na taraktocin nan, ba shi da fulogi kamar na fetur. Fistan ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, nozul ya fesa mai a ciki, man ya kama da kansa. Saboda haka abu uku yake nema kafin ya tashi: ya juya da sauri, mai ya iso masa ba ruwa ba iska, kuma cikin silinda ya yi zafi. Yawanci injin da ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya rasa. Aikinka ka gano wanne ne kafin ka ɗauki sifana.

Kuskuren farko shi ne ba wanda ke kallon salansa. Kowa ya dunƙule a kan makulli. Ka sa yaro ya murza, kai ka koma gefe ka zuba wa bakin salansa ido. In inji na juyawa amma babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai shiga silinda ba, sai ka bi hanyar mai. In farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas, har yana sa ido hawaye, to mai na zuwa, zafi ne babu, sai ka nufi hita, wato abin da ke ɗumama silinda kafin a tayar, ko ƙarfin matsi. Baƙin hayaƙi kuwa iska ce ta yi kaɗan. Wannan kallon na minti ɗaya ya raba maka aikin gida uku, kuma ko sisi ba ka kashe ba.

Sai batir. Mutum zai kunna fitila, ya danna hon, ya ce maka batir garau yake. Fitila ba ta cin komai in aka kwatanta da kik. Batirin da ya cika yana nuna volt 12.6 a mita, in ka ga 12.2 ya kai rabi, in kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da ake murza makulli, ba zai juya injin da saurin da ake bukata ba. Injin fetur kan tashi ko da kik na jan ƙafa, na gas ba ya yi, domin in juyin ya yi sanyi zafin matsin na zurarewa ta jikin ƙarfe kafin mai ya kama. Kafin ka ce batir ya mutu ma, duba kawunansa. Wannan farin garin da ke taruwa a kai, da wayar da aka ɗaura a jikin ƙarfen tarakta da ta yi tsatsa, sun sa mutane da yawa sayen sabon batir a banza. Ni da ruwan zafi nake wanke su, in kankare da samfefa, in ɗaure tamau in shafa giris. Kuma don Allah a daina danne makulli kamar ana faɗa da shi. Daƙiƙa 10 zuwa 15 ka saki, ka bar kik ya huce kamar minti ɗaya. Abin da bai tashi a gwaji uku ba, ba zai tashi a na goma ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, domin ni ma ya taɓa cin dukiyata: tsumman fetur. Kowa ya san dabarar. A cire murfin iyakilina, a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin bututun iska, ko a fesa wancan maganin tayar da inji na gwangwani, sai inji ya yi wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ya tashi. Masu kallo su ce makanike ya iya aiki.

Shekarun baya ina da wata ƙaramar tarakta mai silinda uku da nake bayarwa haya. Wata asuba ta hunturu za a loda ta zuwa Garun Malam, mai gona ya riga ya biya, motar ɗauka na jira, ta ƙi tashi. Farin hayaƙi take yi, wato tana gaya mini hita ce, amma gaggawa ta rufe mini ido. Na ce wa yarona ya kawo fetur. Ta tashi. Washegari ma haka, jibi ma haka, har direban ya mayar da abin al'ada, yana yawo da 'yar gorar fetur a akwatin kayan aiki. Kafin sati uku ta fara shan baƙin mai, tana huci ta bututun numfashi, ko da rana tsaka ba ta tashi sai da tsumma. Da muka sauke injin na zaro fistan na biyu, ringin sama ya fito gutsi-gutsi a tafin hannuna, bakin ramin ringin ya ɓare, jikin silinda ya yi zane kamar an ja ƙusa. Hita biyu ne suka mutu tun farko. Kuɗinsu bai kai na cefanen sati ba, na ƙare da sayen fistan da ringi da gasket, na biya aikin silinda, aikin rani na shekarar kuma ya wuce ni. Garin neman gira na rasa ido.

Dalilin a fili yake. Gas ana fesa shi ne a daidai lokacin da fistan ya kusa kaiwa sama. Fetur kuwa tare da iska yake shiga, ya fashe lokacin da ya ga dama, fistan na kan hawowa wutar na dukansa ƙasa. Ƙananan injinan nan matsinsu ya kai 22 ko 23 bisa 1, ringinsu siriri ne, ba za su jure wannan dukan ba. In kuma hita na da rai kana fesa maganin gwangwani, wutar na iya kamawa tun a bututun iska ta dawo maka a fuska. Ban da tsumman da inji ke iya zuƙewa. Mutane na cewa inji ya saba da fetur. Ba sabo ba ne, ringi ne ya karye, matsi ya tafi. Duk yaron da na kama da tsumman fetur a garejina, ranar zai koma gida.

Maganin mai sauƙi ne. Murza makulli zuwa wurin hita ka ƙirga goma kafin ka tayar, in sanyi ya yi yawa ka maimaita. Yawancin direbobi ba su ma san wurin na nan ba, wucewa suke yi kai tsaye. In ba ta tashi ba, cire ƙarfen da ya haɗa kawunan hita, ka auna kowace ɗaya da mita. Mai rai tana nuna kusan om 1, wadda ta mutu ba ta nuna komai. In duk suna da rai, duba ko wuta na isa gare su, don fis ko rile kan mutu. Wasu injinan, kamar Perkins na tsofaffin Massey Ferguson, hita ɗaya ce a bututun iska, ita ma a duba ta. In abin ya zo da gaggawa, ni tura taraktar nake yi cikin rana, ko in zuba ruwan ɗumi a jikin kan injin, in jira hantsi.

Wani kuskuren mai tsada shi ne saurin zargin injekta. Inji ya ƙi tashi, sai ka ji an ce "injekta ce", a kwance ta a kai wurin masu saiti. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Injekta ita ce mafi tsada a hanyar mai, kuma ita ce ba ta cika lalacewa dare ɗaya ba. Na taɓa kai tawa saiti har sau biyu, ana karɓar kuɗi ana cewa an gyara, ciwon na nan: in ta kwana sai an sha wahala, in ta tashi kuma ta wuni lafiya. Ranar da na natsu na bi tiyon mai da yatsa tun daga tanki, sai na ji wuri ɗaya ya yi taushi kusa da filta. Na lanƙwasa shi, ga tsaga kamar ta reza. Ba ya ɗigar da mai, shi ya sa ba wanda ya gani, amma cikin dare yana zuƙar iska man ya koma tanki. Tiyon da bai fi kamu ɗaya ba. A wurin mayar da injektar kuma an ɓatar da ɗaya daga cikin siraran faifan da ke ƙarƙashinta, waɗanda su ke riƙe da lokacin fesa mai, sai da na sake wata wahalar kafin injin ya dawo daidai.

In alama ta nuna mai ne, ka fara daga tanki ka gangaro. Akwai mai? Kada ka yarda da allura, leƙa da idonka. Famfon ƙarƙashin tanki a buɗe yake? Kofin gilashin da ke ƙasan filta, in ka ga layi ya raba shi biyu, na ƙasan ruwa ne, zubar da shi. Sassauta ƙusar fitar da iska ta kan filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ya ƙare mai ya fito zalla, ka ɗaure, ka koma ta jikin injekta ka yi haka. Sannan ka sassauta bututun ƙarfe a bakin nozul, a murza makulli, in mai ya fara tsartuwa ka ɗaure. Kada ka kuskura ka tara yatsa a wurin, man na fita da ƙarfi sosai, yana huda fata ya shiga nama, kuma irin wannan raunin asibiti yake bukata nan take. Ka kuma saurari solonoyid ɗin da ke kashe inji. In ka buɗe makulli ya kamata ka ji ya yi ƙas. In shiru, ba za a ga mai a nozul ba ko injektar sabuwa ce fil daga kwali.

Man da kansa ma abin magana ne. Na san tsadar gas, na san dalilin da ke sa mutum tsayawa wurin 'yan bumburutu. Amma gas ɗin jarka da aka sirka da kananzir ba shi da santsin da ke kare cikin injekta, a hankali yake cinye ta, ranar nan kuwa zargin injekta zai zama gaskiya. In dole ta sa ka saya, bar jarkar ta kwana, ka tace da kyalle mai tsabta, ka bar na ƙasan. Kuma ka cika tanki da yamma bayan aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana yin gumi daga ciki da sanyin asuba, ruwan kuma ƙasa yake sauka inda mai ke fita.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rana. Ƙurar hunturu kan toshe ramin numfashi na murfin tanki, inji ya tashi ya mutu, buɗe murfin ka ji ko zai yi tsaki. Iyakilina a kakkaɓe na waje a hankali, na ciki ba a wanke shi ba a hura shi, canzawa ake yi. In ka murza makulli ka ji tsit, duba giya ko tana furi, PTO, wato sandar baya da ke juya kayan aiki, a kashe, kuloci a take, kai kuma kana zaune a kujera, domin sabbin taraktoci ba sa ba da wuta sai an cika waɗannan. Baƙin mai 15W-40 ya ishe mu a nan, a daina zuba mai kauri don ɓoye hayaƙi, da safe shi ke riƙe injin. Da damina a kifa gwangwani a bakin salansa, ruwan da ya shiga silinda yana lanƙwasa sandar fistan a murzawa ɗaya.

Akwai kuma masu tsayawa a ƙasa, gaban tayar baya, su haɗa kawunan kik da sukundireba. Wannan ba inji yake kashewa ba, mutum yake kashewa. Ka tsallake duk wani makullin kariya, in giya na ciki taraktar kanka za ta bi, kuma tayar baya ba ta jira ka matsa. In har gwajin ya zama dole, a tabbatar giya na furi, a ja birki, a sa dutse a taya, wani kuma na zaune a kujera ƙafarsa a kan kuloci.

In ka bi duk wannan, batir na juyawa da ƙarfi, hita na da rai, mai na tsartuwa a nozul, amma har yanzu farin hayaƙi take yi, sai a yi maganar matsi. Nan ma kafin a ce a sauke inji a fara duba saitin bawul, domin bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai, aikin awa ɗaya ne da ma'aunin tazara. Bayan shi a cire nozul a kai gwaji a ga yadda yake fesawa, a ɗaura agogon auna matsi a kowace silinda a rubuta abin da ta nuna. Makaniken da ya ce maka ringi ne alhali bai ɗaura agogo ba, ka ce ya kawo agogon tukuna.