Yadda Ake Neman Kwantabul a Yamai Don Kasuwanci da Harajin Kai

Kafin ka fita neman kwantabul, fara sanin aikin da za ka ba shi, domin shi zai gaya maka irin mutumin da kake buƙata. Mai tebur a kasuwar Katako ko ƙaramin kanti a kasuwar Wadata, wanda ke biyan harajin dunƙule, yaro mai takardar kwantabilite da zai leƙo sau ɗaya a mako ya rubuta masa shiga da fita ya ishe shi. Amma idan ka yi rajistar kamfani, kana da lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da ta shaidar mai biyan haraji (NIF), kuma hukumar haraji ta DGI na lissafa maka bisa ainihin cinikinka, to aikin ya girma: akwai TVA, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, ta kashi 19 cikin ɗari da ake bayyanawa a kai a kai, akwai harajin riba na kashi 30, ga kuɗin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ga kuma lissafin ƙarshen shekara da ake kaiwa kafin ƙarshen Afrilu. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Harajin kai bai cika wahala ba. Ma'aikaci ana cire masa harajin albashi (ITS) daga kuɗinsa tun a wurin aiki. Wanda ya kamata ya nemi shawara shi ne mai gidajen haya, ko mai albashin da ke taɓa kasuwanci a gefe.

Mataki na biyu shi ne inda za ka nema. A Nijar akwai ƙungiyar ONECCA, wadda ke riƙe da jerin sunayen ƙwararrun kwantabul da aka amince su buɗe biro su yi wa jama'a aiki. Duk wanda aka haɗa ka da shi, duba ko sunansa na ciki. Za ka iya tambaya a Majalisar Kasuwanci ko a Maison de l'Entreprise, inda ake rajistar sababbin kamfanoni. Sai dai ni a ganina, tambayar ƴan uwanka ƴan kasuwa ta fi komai, muddin sana'arku ɗaya. Mai shigo da kaya ta duwan da mai gidan burodi ba takardu iri ɗaya suke cikawa ba. Ka tambayi Alhajin da ya daɗe a layinku wa ke riƙe masa littafi, shekara nawa suke tare, kuma an taɓa cin sa tara saboda jinkiri? Amsar ta ƙarshe ita ce abin ji.

Masu tare mutum a hanya suna cewa sun san wani a ofishin haraji, za su sa a rage maka haraji, ka ba su hanya su wuce. Ranar da aka zo bincike, sunanka ne a kan takarda.

Na uku, je ka gan shi a bironsa, kada ka tsaya a waya. Tafi da takardun wata guda yadda suke, ko da a leda ne: faktir na saye, rasit na tura kuɗi, takardar banki, da littafin bashin nan mai kunnuwa a naɗe. Zube su a tebur ka zuba ido. Mai sanin aiki zai fara ware su gida-gida, ya ɗaga wata ya ce, "Alhaji, wannan ba lambar NIF ta mai sayarwa, ba za a karɓa mana ita ba." Zai tambaye ka ko kuɗin cefane da na makarantar yara daga akwatin kanti kake ɗauka, kuma ko kana ba da faktir mai shaida ta e-SECeF, tsarin DGI na fitar da faktir ta na'ura. Wanda ya ture ledar gefe ya ce "ba komai, bar min", bai duba ko ɗaya ba, ka yi masa sallama da kyau.

Kai ma ka yi naka tambayoyin. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancinsu, kuma tun 1 ga Janairun 2018 ake aiki da sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA. A ciki akwai sassauƙan tsari na ƙananan ƴan kasuwa: mai saye da sayarwa da cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba, mai sana'ar hannu ƙasa da miliyan 40, mai aikin hidima ƙasa da miliyan 30. Tambaye shi a wane rukuni kake. Idan ya kasa fayyace maka da Hausa ko Zabarmanci, sai zuba Faransanci yake, to zaman zai yi wuya, domin kai ne za ka sa hannu a ƙasan abin da ya rubuta.

Na huɗu, a rubuta yarjejeniya. Ko ɗan ƙanenka ne, a rubuta. A faɗi kuɗin wata, a faɗi ko lissafin ƙarshen shekara na ciki ko kuɗinsa daban ne, domin a nan aka fi samun saɓani cikin Maris da Afrilu. A rubuta kuma wa zai ɗauki tara idan jinkirin daga wajensa ne.

Na biyar ya shafi kuɗi. Kada ka haɗa ladan kwantabul da kuɗin haraji a hannu ɗaya. Ya lissafa, ya cika takarda, kai ko yaronka ku je ku biya, ko ka biya ta banki. In dole shi zai kai, to kitansin, wato rasit ɗin biya, ta dawo hannunka a ranar, ka duba suna da lambar NIF da adadin. Waɗannan kitansin ne za su ba ka damar samun takardar ARF, shaidar cewa ba a bin ka haraji, wadda sai da ita ake neman kwangilar gwamnati.

Dokar OHADA ta ce a adana takardun lissafi shekara 10. Asalinsu su zauna a wurinka cikin kwali, kowace shekara da nata, shi kuma ka ba shi kwafi. Idan kuka rabu wata rana, karɓi littattafan da abin da ke cikin kwamfutarsa kafin ka biya kuɗin watan ƙarshe, kuma ka bari sai an kai lissafin Afrilu sannan ka canja.