Yadda ake nuna buɗewar ƙasan teku da kwali da takarda

Ɗalibi kan haddace cewa ɓawon duniya a tsattsage yake zuwa manyan faranta masu motsi, amma da wuya ya iya bayanin inda sabon dutse ke fitowa da inda tsoho ke zuwa. Wannan samfuri na kwali yana nuna duka biyun a cikin darasi guda.

A tanadi kwali mai tsawon santimita 40, takardar A4 guda ɗaya, reza, rula, salatif da maka kala biyu, shuɗi da ja. A kifa kwalin, gindinsa ya koma sama. A tsakiya a tsaga layi mai tsawon santimita 9 a gicciye. Wannan shi ne tudun tsakiyar teku, irin wanda ya ratsa Tekun Atlantika daga arewa zuwa kudu, ya leƙo saman ruwa a Aisland. Sai a auna santimita 15 dama da hagu a yi wasu tsagi biyu irinsa, su ne kwazazzaban teku. A yanke gefe ɗaya na kwalin don hannu ya shiga. Kada faɗin tsagin ya wuce milimita 2, in ba haka ba takardar za ta riƙa zamewa ciki.

A raba takardar biyu ta tsawonta, a rage faɗin kowacce zuwa santimita 8. A haɗa su fuska da fuska, a manne ƙarshensu na ƙasa da salatif, a zuro su daga ciki ta tsagin tsakiya, ɗaya ta kwanta dama, ɗaya hagu.

Fentin shi ne zuciyar aikin. Idan narkakken dutse ya fito a tudun ya huce, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan daskare suna fuskantar inda maganaɗisun duniya yake a lokacin. Shi kuwa maganaɗisun yakan juya, arewa ta koma kudu, ba bisa wani tsayayyen lokaci ba. Juyin ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Kafin nan a juye yake tun daga shekara miliyan 2.6, kafin nan kuma kamar na yau yake tun daga miliyan 3.6. Akwai gajerun juye-juye a tsakani, an bar su don sauƙi. A ɗauki santimita 1 a matsayin shekara 200,000, shuɗi a matsayin maganaɗisu irin na yau, ja kuma wanda yake a juye. A ja takardun biyu a tare, ana shafa launi a bakin tsagin yayin da suke fitowa: shuɗi santimita 5, ja santimita 9, sai shuɗi kuma santimita 4. Da tsoho ake farawa. Mafi yawan masu gwadawa a nan suke tuntuɓe, su fara da na yau, ya ƙare can nesa da tudu, alhali dutsen da ke bakin tudu shi ne sabo fil. Wasu kuma sukan yi zanen duka faɗi ɗaya don ya yi kyau, wanda ƙarya ce. Abin da ake so a gani shi ne zanen dama ya zama tamkar hoton na hagu a madubi. Irin wannan zane ne Fred Vine da Drummond Matthews suka fassara a 1963, ya zama hujja ga ra'ayin buɗewar ƙasan teku da Harry Hess ya wallafa a 1962.

Da bakin takarda ya isa tsagin gefe, a cusa shi ciki. Daga nan a daina turowa daga tsakiya, a riƙa jan bakin da ya nutse ta cikin kwali. Haka abin ya fi kama da gaskiya: tsohon faranti ya huce ya yi nauyi, nutsewarsa ce babban abin da ke jan sauran. Dalilin ke nan da ya sa da wuya a samu ƙasan teku da ta haura shekara miliyan 180, alhali a doron ƙasa akwai duwatsu masu shekara biliyan 4.

Sai dai a faɗa wa ɗalibai gaskiya kan inda samfurin ya gaza. Kwazazzabai a gefe biyu siffar Tekun Fasifik ce, inda kwazazzabon Mariyana ya kusa kai zurfin kilomita 11, ga girgizar ƙasa da aman wuta a Japan da Cile. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da wannan, domin nahiyar da ƙasan tekun faranti ɗaya ne, shi ya sa Atlantika ke ƙara faɗi. Kuma hannun da ke cikin kwali ba ruwa yake wakilta ba. Abin da ke ƙarƙashin faranta dutse ne mai zafi da ke malala a hankali ƙwarai.

Tudu da kwazazzabo su ne iyakokin faranta iri biyu. Iyaka ta uku, wadda faranta ke gogar juna gefe da gefe kamar tsagin San Andreas na Kalifoniya, takardu biyu a kan tebur sun isa: a ja ɗaya gaba, ɗaya baya.

A rufe da lissafi. A ce an samu iyakar juyin ƙarshe kilomita 10 daga tudu. Kilomita 10 santimita 1,000,000 ke nan. A raba da 780,000, a samu kusan 1.3 a shekara. Wannan gudun ɓangare ɗaya ne, sai an ninka biyu a samu yadda tekun ke buɗewa, wato 2.6. Mantawa da ninkin nan kuskure ne da ake yawan yi. Atlantika na buɗewa da santimita 2 zuwa 5 a shekara, tudun gabashin Fasifik kuwa yakan kai 15, don haka zanensa ya fi faɗi nesa ba kusa ba.

In da sauran lokaci, a yanko taswirar Afirka da ta Kudancin Amurka, a cusa ƙusumbin Brazil a mashigin Gini. Inda suka haɗu, a nuna kwarin Binuwai: reshe ne na tsagewar da ta raba nahiyoyin biyu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, shi dai bai kai ga zama teku ba.