Yadda Ake Gano Dalilin Shan Mai Bayan An Sauya Wa Mota Giyabos

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai mota a Legas ya daina yi wa allurar tanki kallon wasa, saboda haka ba ƙaramin ɓacin rai ba ne mutum ya sayo giyabos tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga ƙasar waje, a kasuwar Ladipo, ya biya kuɗin ɗauri, sannan ya ga man da ke kai shi mako guda tsakanin Agege da Apapa yana ƙarewa tun kafin Juma'a. Da yawan makanikai, da zarar sun ji wannan kuka, sai su ce, "Alhaji, a sauya filogi, a wanke nozul." Wannan shawara ba ta da tushe idan motar ba ta shan mai kafin aikin. Abin da ya sauya shi ne giyabos da duk abin da hannun bakanike ya taɓa wajen cire tsoho da ɗaura sabo, kuma a nan ya kamata bincike ya tsaya. A kuma yi shi da gaggawa, domin 'yan kwanaki kaɗan mai kaya ke bayarwa na gwaji, idan sun wuce ba zai karɓi kayansa ba.

Da farko a tabbatar da cewa shan man gaskiya ne. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar da ke kan mitar kilomita, a yi zirga-zirgar da aka saba, sannan a koma gidan mai ɗaya a sake cikawa. Idan an yi tafiyar kilomita 300 aka sha lita 40, to kowace lita ta ba da kilomita bakwai da rabi. Goslo da kunna na'urar sanyaya mota suna ɓata lissafi ƙwarai, don haka kada a gwada makon ruwan sama da cunkoso da makon hutu. Akwai kuma tarkon da ba kowa ke lura da shi ba: a motoci da dama, musamman tsofaffi, sansar da ke auna gudu a jikin giyabos take, kuma idan wadda ta zo da sabon ba ta dace da motar ba, mitar za ta riƙa ƙirga kilomita ba daidai ba. A buɗe manhajar taswira a waya, a gwada gudun da ta nuna da na dashbod. Bambanci kaɗan ba komai ba ne, amma idan ya yi yawa, lissafin ma ba abin dogaro ba ne.

Gwaji mafi amfani ba ya cin ko kwabo. A fita da sassafe ranar Lahadi, lokacin da Gadar Third Mainland ko hanyar Ibadan bayan Berger take a sake, a riƙe gudun kilomita 80 a awa, a dubi allurar da ke nuna juyin inji, kuma tun daga tashi a ƙirga sau nawa giya ta sauya. Mota mai giya biyar ya kamata a ji ta sauya sau huɗu. Idan ta kasa shiga giyar ƙarshe, inji yana ta kuka, a fara duba ko maɓallin O/D, wanda ke ba mota damar shiga giyar sama, a kashe yake, domin fitilarsa kan nuna a dashbod kuma sau da yawa yaran gareji ne ke danna shi ba da sani ba. Idan kuwa duk giyoyin suna shiga amma allurar ta fi inda take tsayawa a da, a nemi mai irin motar, shekara ɗaya da inji ɗaya, a gwada tasa a wannan gudun. Abin da ake zargi a nan shi ne giyabos ɗin ba na wannan motar ba ne. Kamfani ɗaya yakan yi giyabos masu jiki iri ɗaya, noti ya zauna daidai a kan noti, amma haƙoran cikinsu sun bambanta gwargwadon girman inji da ƙasar da aka ƙera wa motar, ko Amurka ko Turai ko Japan. Wanda aka yi wa ƙaramin inji yakan sa injin ya yi juyi da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma kowane juyi mai yake ci. Babu gyaran da ke magance wannan sai sauyi. Shi ya sa ya dace a gwada lambar da aka buga a jikin tsohon giyabos da ta sabon, kuma kuskure ne a bar tsohon ya tafi wajen 'yan gwangwan kafin a gama gwaji.

Sai kombata, wadda ke tsakanin inji da giyabos na otomatik. A ƙaramin gudu da man giya take tura ƙarfi, wanda ke sa wani ɓangare na ƙarfin ya salwanta ya zama zafi, amma idan mota ta miƙe hanya akwai kuloci a cikinta da ke kamawa ya haɗe inji da giya kai tsaye. Idan bai kama ba, mota za ta yi tafiya lafiya lau, sai dai ta sha mai ta kuma dafa man giya. Alamarsa ita ce a gudun kilomita 80 a ɗan ƙara totur kaɗan: idan allurar inji ta yi tsalle gudun bai ƙaru ba, bai kama ba. Abin lura shi ne ƙwaƙwalwar motoci da dama ba ta ba da umarnin kamawar sai inji ya yi ɗumi, saboda haka motar da aka cire wa tamostat, wato abin da ke tsare ruwan sanyaya inji har injin ya yi ɗumi, kamar yadda ake yawan yi a garejinmu da sunan maganin zafi, tana iya jawo wa giyabos mai lafiya zargin da ba nasa ba.

Daga nan a sa wa motar kwamfuta, ko da fitilar gargaɗi ba ta kama ba, kuma mai mota ya rubuta lambobin matsala da ta nuna da kansa kafin a goge su. P0741 na nuni ga kulocin kombata, P0730 na cewa giyar ba ta dace da lissafin ƙwaƙwalwa ba, P0500 da P0720 na sansar gudu ne, P0171 kuwa na nufin iska ta yi wa mai yawa, sau da yawa saboda wani tiyo na zuƙar iska ta inda bai kamata ba.

Wannan lamba ta ƙarshe ita ke kai mu ga aikin hannu. Kafin giyabos ya fito sai an cire batir, da akwatin filtar iska, da babban tiyon da ke kai iska inji, wani lokaci har da wani sashe na salansa. A duba ko tiyon ya tsage ko ba a ɗaure shi ba, ko soket ɗin sansar iska ya zauna, ko wayar sansar da ke jikin salansa ta tsinke an murɗe ta da selotef, ko an manta wayar da ke haɗa jikin giyabos da bodi. Tun da an zare shaf, a ɗaga motar a juya tayoyin gaba da hannu don a ji ko birki na riƙewa, sannan a sake yin alaimen.

Man giya ma a tambayi irin wanda aka zuba, a ga galan ɗin da ido. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyabos ɗin CVT kuwa, wato otomatik ɗin da ba ya sauya giya mataki-mataki, nasa man daban ne gaba ɗaya, kuma ƙarancin mai ko yawansa duk suna hana giya shiga a kan lokaci. A mota mai giyar hannu binciken ya fi sauƙi, domin bayan batun haƙora da mita, abin da ya rage shi ne kuloci mai zamewa.

Cire batir kan goge abin da ƙwaƙwalwar mota ta saba da shi, don haka ɗan ƙarin shan mai a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Idan ya wuce tanki guda bai daidaita ba, kuma juyin inji ko lambar jiki sun nuna giyabos ɗin baƙo ne, a ɗauki rasit da hoton lambobin biyu da sakamakon kwamfuta, a tafi da bakaniken da ya yi ɗaurin wurin mai kaya kafin wa'adin ya cika.