Yadda iyali za su tsara ranar tashi daga Istanbul zuwa Kuala Lumpur

1. Kwana 3 kafin sauka, a cike wa kowa takardar shiga Malesiya ta intanet, wato MDAC. A duba biza da fasfo: in saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, tun a wurin awon kaya za a mayar da ku. A ajiye tikitin fita daga ƙasar a kusa, don sukan tambaya.

2. Daren tafiya a auna jakunkuna. Batirin cajin waya ba ya shiga jakar da za a loda, a hannu ake riƙe shi saboda yana iya kama wuta. Ruwa, turare da man shafawa da ke jakar hannu kada kowace kwalba ta wuce mililita 100. Madarar jariri kam an yarda da ita, sai dai a nuna wa jami'ai.

3. A isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Filin Istanbul faɗi gare shi, mai yara kuwa ba ya sauri. Mutum ɗaya ya riƙe dukan fasfo.

4. Tafiyar ta haura awa 10. Kowane yaro a sa masa kayan canji da abin taɓawa a jakar hannu. Lokacin sauka a shayar da jariri, manyan su tauna cingam, haɗiya ce ke buɗe kunnen da ya toshe.

5. Agogon Malesiya yana gaba da awa 5, don haka kada a bar yara su yi dogon barcin rana. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, cajar Turkiyya ba za ta shiga ba.