Yadda Ake Haɗa Ɗanyen Cuku a Gida da Hanyoyin Cinsa

Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ko Amurka, ko yake bibiyar shafukan masu motsa jiki a intanet, ya san wani farin cuku mai laushi, guda-guda, wanda ake ci da cokali. Sunansa a harshen Turawa, wato cottage cheese, yana nufin cukun ɗan gidan ƙauye, domin asalinsa abincin manoma ne da suke yi da ragowar madara. Ni ina kiransa ɗanyen cuku, saboda ba a busar da shi kamar cukun Buzaye, ba a kuma ajiye shi watanni ya nuna. Madara ce kawai aka sa wa tsami ta tsinke, aka tace ruwan, don haka duk uwargidan da ta taɓa yin awara a Kano ta riga ta iya rabin aikin.

Babban amfaninsa shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. A cikin giram 100 na irin wanda kamfanoni suke yi akwai furotin kimanin giram 11, alhali ƙwai guda yana da kimanin giram 6, kuma ƙarfin da yake bayarwa bai kai kalori 100 ba. Mafi yawan furotin ɗin nau'in kesin ne, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin madarar shanu, kuma ciki yana narkar da shi a hankali. Wannan ne ya sa wanda ya ci shi yake daɗewa bai ji yunwa ba, kuma shi ya sa nake ganin ya dace da sahur, da tsofaffin da haƙoransu ba sa iya nama, da mai shayarwa, da mai son rage ƙiba ba tare da ya galabaita ba. Yana kuma ɗauke da bitamin B12 da jiki yake buƙata wajen yin jini da lafiyar jijiyoyi, da ma'adanan fosfaras da siliniyam.

Amma kada a ɗora masa abin da ba shi da shi. Mutane suna zaton kowane cuku cike yake da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, alhali tsamin da ake tsinka madarar da shi yana janye kalsiyam mai yawa zuwa cikin ruwan da ake tacewa. Giram 100 na ɗanyen cuku yana da kimanin miligiram 80, madara kuwa tana da kusan 120, don haka mai neman kalsiyam kada ya bar kindirmo. Sai kuma gishiri: na kamfani yakan wuce miligiram 300 na sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a giram 100, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini. Ga gidan da ke da mai hawan jini, wannan kaɗai ya isa dalilin yin sa a gida, inda gishirin yake hannun uwargida.

Abin da za ki tanada shi ne lita ɗaya ta ɗanyar madarar shanu wadda ba ta kwana ba, da lemon tsami biyu ko uku, da tukunya mai kauri, da tsaftataccen abin tata irin na koko. Ki yi magana da mai kawo miki nono tun kwana guda kafin nan, ki ce madara kike so, ba nono ba, domin yawancinsu sai sun ɗaura ta ta zama nono ko kindirmo suke shigowa da ita gari. Idan ba ta samu ba, madarar gari tana yi, sai dai ki duba jikin gwangwani ko leda, domin wasu an cire musu man shanu an maye da man ganye, kuma cukunsu ba ya garɗi.

Ki tace madarar, ki ɗora a wuta ki bari ta tafasa sosai kina juyawa don kada ta kama. Wannan mataki ba abin wasa ba ne, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na bakkale, wato ciwon da ke sa shanu ɓari, kuma tafasawa ce take kashe su. Idan ta tafasa sai ki sauke, ki bar ta kamar minti uku ta huce kaɗan, sannan ki riƙa zuba ruwan lemon tsamin cokali-cokali kina juyawa a hankali. Cokalin cin abinci biyu zuwa uku yakan isa. Za ki ga farin madarar ya fara yayyankewa daga gefen tukunya, gudaje suna tasowa sama kamar auduga, ruwan kuma ya koma garai-garai mai ɗan launin ɗorawa. Da zarar ruwan ya washe, ki tsaya da tsamin, ki rufe tukunyar minti goma. Karona na farko, madarar tana tsaka da ɓararraka na antaya lemon gaba ɗaya, na kuma burga da ƙarfi, sai gudajen suka fito ƙanana masu tauri kamar tsaki. Tun daga ranar na gane cewa laushinsa yana cikin rage wuta da sassauta hannu.

Daga nan ki juye a abin tata, ki ɗauraye gudajen da ruwan sanyi wanda aka riga aka tafasa don tsamin ya fita, ki bari ya tsane ba tare da kin matse ba. Ki barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, ki zuba cokali biyu na kindirmo ki cakuɗa, sai ya yi santsi kamar na kamfani. Lita ɗaya ba ta ba da fiye da cikin ƙaramin kwano. Fulani makiyaya a wasu yankuna suna tsinka madararsu da ruwan tumfafiya, amma ba na ba wanda bai koya a hannunsu ba shawarar gwadawa, domin ƙaron tumfafiya yana da dafi kuma yana cutar da ido.

Wajen ci, abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake shiga abincinmu ba tare da an canza komai ba. A kwaɗon zogale ko na rama, ki zuba shi bayan kin haɗa ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, sai kwaɗon ya zama cikakken abincin rana. A kan gurasa, ki shafa shi ki barbaɗa yajin ƙuli da yankakken kokwamba. Da safe ko lokacin sahur, ki haɗa shi da dabino uku da aka cire wa ƙwallo, ko da gwanda, ko mangwaro idan kakarsa ta kama kasuwar 'Yan Lemo ta cika, kuma zaƙin 'ya'yan itacen ya wadatar, ba sai an ƙara sukari ba. Yara kuma suna son sa a cikin wainar ƙwai. Idan kin fi son irin na suya, ki ɗaure shi a ƙyallen, ki danne da dutsen niƙa awa biyu, ki yanka kamar awara ki soya sama-sama ko ki jefa a miyar alayyafo, sai dai ki sani man suyar yana ƙara masa kalori sosai.

Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya mai da shi abincin kullum, saboda furotin da fosfaras. Wanda madara take kumbura wa ciki ya fara da cokali biyu ya gani, domin sukarin madara ya ragu a cikinsa amma bai ƙare ba. Jariri kuwa ba a ba shi komai sai nonon uwa har ya cika wata shida.

Ruwan da kika tace kada ki zubar, ki kwaɓa fulawar gurasa ko fanke da shi, ko ki dama kunu. Shi kuwa cukun, a firiji mai sanyi sosai yana kwana uku cikin rufaffen mazubi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa digiri 40 kuma ba kullum ake samun wuta ba, ki yi daidai wanda za a cinye a zama ɗaya, domin idan ya wuce awa ɗaya a fili cikin irin wannan zafi bai kamata a ci ba.