Ka gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba: ga inda za ka fara

Ƙanena, sana'ata walda da ƙera injin markaɗe a kasuwar Panteka da ke Kaduna, ga kwalejin fasaha ta Kadpoly kusa da mu, kullum ina tare da masu kwali. Ban raina karatu ba. Amma matar da ta zo sayen inji ba ruwanta da makarantar da na yi. Damuwarta ɗaya: zai markaɗa mata wake da tattasai bai tsaya ba ranar da layi ya cika?

A zamanin masaƙun Kakuri, tun daga masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ta fara aiki a 1957, takarda kan kai mutum ga albashi. Masaƙun nan sun rufe. Yanzu sai ka nemo abin da jama'a za su cire kuɗi su biya a yi musu.

Zaga unguwarku, Rigasa ce ko Kawo ko Tudun Wada, ka saurari kukan mutane: wuta, ruwa, gyaran waya. Ɗauki ɗaya, ka nemi ubangidan da hannunsa ya faɗa, ka zauna ƙarƙashinsa ko bai yi firamare ba.

Kada idonka ya tsaya kan aikin hannu kaɗai. Lura da yadda yake yanka farashi, don a nan sababbin shiga suke karyewa. Kafin ka buɗe baki, lissafa ƙarfe, rodin walda, fenti, man janareta, kuɗin dako, sannan ladan guminka. Na sha ganin yaro mai hannun kirki ya manta da mai da dako, ya karɓi aiki da arha don murna, ya ƙarasa shi da kuɗin aljihunsa. Abin yana min ciwo. Farashin ƙarfe kuma ba ya kwana wuri ɗaya, saboda haka karɓi kafin alƙalami ka sayo kaya a ranar.

Sayi littafi ka riƙa rubuta shiga da fita kowane dare. Uwar kuɗi daban, riba daban, cefanen gida daga riba yake fita. Bashi kuwa, ko ɗan'uwa ne, rubuta shi a gabansa.

In ka ce Laraba, ya zama Laraba. In ba zai yiwu ba, kira shi tun Litinin.

Da ciniki ya kankama, yi rajistar sunan kasuwancinka a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusun banki nasa na kansa. Makarantu da kamfanoni sukan nemi takardar farashi a rubuce kafin su ba da aiki, a nan bokonka zai yi maka rana.